Sawun Makoɗi a Ƙasar Fir'auna

Sana'ata gini ce, kuma a cikin ginin ma ɓangaren dutse na fi ƙwarewa, domin na shafe fiye da shekara 20 ina yanka giranit da mabul ina shimfiɗa su a daɓe da matakala a gidajen Kano. Duk ranar da hirar dalar Masar ta taso a majalisarmu, wani zai ce aikin aljanu ne, wani ya ce mutanen wancan zamani ƙatti ne masu tsawon giginya, daga ƙarshe a juyo gare ni a ce tunda ni ne mai dutse in raba gardama. Ban taɓa samun amsar da zan ba su ba, domin na san yadda faifan injina mai ƙwayoyin lu'ulu'u yake cinyewa a jikin giranit, balle a ce mutanen da ba su da baƙin ƙarfe sun sarrafa shi yadda suka ga dama. Saboda haka da ɗan ƙanwata da yake karatu a Azhar ya ce in zo in gani da idona a lokacin hutunsu, ban yi dogon tunani ba.

Na bar Kano a farkon Fabrairun 2023, lokacin da canjin takardun naira ya tara jama'a a bakin bankuna, har sai da wani abokin sana'ata ya ranta mini kuɗin motar da ta kai ni filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, alhali guzurin Masar yana kwance a asusuna. Biza na riga na karɓo daga Abuja, katin allurar shawara yana cikin fasfo, jakata kuwa rabinta kuka ce da daddawa da yaji na ɗalibai. Ba mu cika sa'a 5 a sama ba muka sauka Alƙahira, inda aka tambaye ni wurin da zan sauka da dalilin zuwana, aka buga mini hatimi na wuce.

Masaukina ɗakin ɗalibai ne a Hayyul Ashir, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa, tare da samari shida daga Kano da Sakkwato da Maraɗi. Sanyin garin ya fi hunturunmu shiga ƙashi. Da safe mukan karya da waken da suke kira ful, da ɗa'amiyya wadda ita ce ƙosansu sai dai cikinta kore ne, da gurasa mai faɗi. Da rana kuma koshari, wato shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya, wanda na fam 30, kuɗin Masar, yake ƙosar da mutum. A kwanakin ana canza dalar Amurka ɗaya a kan fam 30 ko kusa da haka, ɗaliban kuma suna ta kukan tsadar da faɗuwar kuɗin ta jawo.

Kwana biyu da saukata muka tafi Giza. Tun a mota yaron ya ce, "Kawu, duk wanda ya miƙo maka rawani ko ya ce ka hau raƙumi kyauta, ka sa hannunka a aljihu." Na biya fam 240 a ƙofa, na ƙara 440 domin shiga cikin babbar dalar, shi kuwa katin ɗalibi ya rage masa rabi. Ita wannan babbar dala ta sarki Khufu an gina ta wajen shekara 2,560 kafin Miladiyya, tsayinta na asali ya ɗan haura mita 146, kowane gefe nata kimanin mita 230 ne, kuma an ƙiyasta duwatsunta a kan miliyan 2 da dubu 300. Daga nesa sai mutum ya ba masu maganar aljanu gaskiya, amma da na matsa na dafa sahun farko, wanda ya kawo mini ƙirji, abin da na gani aikin magina ne irinmu: wani dutsen ya fi wani, wani gefensa a karkace, an cike giɓi da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa. Dutsen cikin mai laushi ne, dangin wanda ake haƙa a Ashaka da Kalambaina domin siminti, kuma a nan tudun Giza aka haƙe shi. A kusurwar arewa maso yamma ta dalar sarki Khafre da take kusa da ita har yanzu ana ganin ƙasan mahaƙar a tsattsage, layi-layi kamar gidajen dara, domin sukan haƙa siririn rami su kewaye kowane dutse da kurfin jan ƙarfe da gatarin dutse, sannan su ɓamɓaro shi daga ƙasa da sanduna.

Inda gwanintar take shi ne a fatar waje, wadda aka yi da farin dutsen Tura na tsallaken Kogin Nilu. An kwashe mafi yawanta a ƙarnonin baya an yi gine-ginen Alƙahira, sai 'yan kaɗan a gindin dalar ta arewa da kuma wadda ta rage a ƙolin dalar Khafre kamar hula. Baturen Ingila Flinders Petrie, wanda ya auna wurin daga 1880 zuwa 1882, ya samu tsakanin dutse da dutse bai wuce rabin milimita ba, kuma da kwaɓi a ciki. Na durƙusa na bi haɗin da farcena, na tuna yadda nake faɗa da yarana a kan giɓin da ya ninka wannan sau huɗu. Yadda dutsen ya iso ma yanzu ba zato ake yi ba, domin a 2013 ayarin Pierre Tallet ya tono takardun bardi, wato takardun da Misirawan da suke yi da wata ciyawar ruwa, a Wadi al-Jarf a gaɓar Bahar Maliya, a cikinsu akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya riƙa rubuta kwanakin da ya yi yana loda dutse a Tura yana kai shi Giza ta ruwa tare da mutanensa kimanin 40. Duk ɗan kwangila da ya ji wannan ya san ɗan'uwansa ne, domin irin littafin nan ne muke riƙewa na tifar yashi da buhun siminti.

Shiga cikin dalar wahala ce ga mai shekaruna. A sunkuye ake hawa wani matsattsen lungu, ana gogayya da masu saukowa, ga zafi da ƙarancin iska duk da sanyin waje, har aka kai ɗakin sarki wanda bangonsa da rufinsa duk jan giranit ne na Aswan, mai nisan fiye da kilomita 800, kuma wasu duwatsun rufin sun haura tan 50. A nan tambayata ta asali take, domin jan ƙarfe ba ya cin giranit, in ka buga masa kurfi bakin kurfin ne zai lanƙwashe. Na haska fitilar wayata a jikin akwatin gawar da yake can ƙuryar ɗakin, sai ga siraran layuka a jere, sawun zarto ƙarara, irin wanda na sake gani a baƙin daɓen da yake gabas da dalar. Bayanin da masana suka tsaya a kai, wanda Denys Stocks ya gwada da hannunsa a giranit ɗin Aswan, shi ne zarton nasu na jan ƙarfe ne marar haƙori, ana zuba yashi a ƙarƙashinsa ana ja ana turawa, ƙwayoyin dutse masu tauri da suke cikin yashin su ne masu yankan. Huda ma haka take: bututun jan ƙarfe ake juyawa da baka da tsirkiya a kan yashi, ya ci dutsen a zagaye, a karye tsakiyar a cire. Da na ji haka sai na yi dariya ni kaɗai, domin faifan injina ma ba ƙarfensa ne yake yanka ba, ƙwayoyin da aka dasa a bakinsa ne. Bambancin kawai nawa wutar lantarki ce take juya shi, nasu kuwa dantse ne, kuma jan ƙarfen yana cinyewa tare da dutsen, shi ya sa suka riƙa tura ayari zuwa Sina'i domin haƙo shi.

A ƙaramar dalar sarki Menkaure na ga abin da ya fi kowane bayani amfani a wurina. Sahun ƙasa na giranit ne, kuma ba a gama gyara shi ba: duwatsun suna nan da tumbinsu a waje yadda aka kawo su, sai kewayen ƙofa kaɗai aka daddale ya yi sumul. Ke nan sai an ɗora dutse a mazauninsa ake gyara fuskarsa, yadda in an buge shi wajen ja da ɗorawa ɓarnar za ta tsaya a kan abin da dama za a cire. Kudu maso gabas da dalolin akwai garin ma'aikatan da Mark Lehner ya daɗe yana tonowa, da gidajen gasa gurasa da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki, a samansa kuma kaburburansu da aka gano a 1990, inda aka samu ƙasusuwan da suka karye aka ɗora su suka warke. Rukunonin ma'aikatan har suna suke da shi, ɗaya ana kiransa Abokan Khufu.

Kwana biyu na ba gidajen tarihin Alƙahira. Jama'a suna rububin kallon zinariya, ni kuwa na maƙale a gaban akwatunan kayan aiki. Akwai gudumar itace da cikinta ya rame saboda dukan kurfi, har ana gane gefen da mai ita ya fi juyawa. Akwai kurfuna da gizago na jan ƙarfe. Akwai ma'aunin kusurwa. Akwai kuma abin duba daidaiton daɓe, wanda katako biyu ne aka haɗa kansu aka gitta na uku a tsakani, igiya mai ɗan dutse tana reto daga sama, in ta tsaya a kan alamar tsakiya to wuri ya daidaita. Awonsu kamu ne kamar na masu sayar da yadi a da, sai dai kamun sarki ya ɗan haura santimita 52, an raba shi tafi 7, kowane tafi yatsa 4. A gidan tarihi na Tahrir na tsaya gaban mutum-mutumin Khafre, wanda aka sassaƙa daga wani dutse mai tsananin tauri da aka ɗauko daga hamada kimanin kilomita 65 daga Abu Simbel, an goge shi har gwiwarsa tana ɗaukar ido. Da dutse aka daddale shi, da yashi mai laushi aka goge.

A Saƙƙara, dalar sarki Zosar mai hawa shida, wadda ake danganta tsarinta ga wani babban bafadensa Imhotep, ta girmi ta Khufu da kusan ƙarni ɗaya, kuma duwatsunta ƙanana ne, kusan siffar tubali, kamar maginan ba su gama yarda da dutse ba tukuna suna kwaikwayon ginin ƙasar da suka saba. A ƙarƙashinta aka samu kwanuka da tuluna na dutse kusan 40,000. A bangon kabarin wani waziri mai suna Mereruka na ga yadda ake rarake su: sanda ce mai lanƙwasa a sama, an ɗaura mata duwatsu biyu domin nauyi, a ƙasanta an maƙala ɗan dutse mai kaifi, mutum yana juya ta da hannu ɗaya yana riƙe da tulun da ɗayan. Hoton wannan sanda shi ne alamar da suke rubuta kalmar sana'a da ita. A Sarafiyum, ramin da aka binne bijiman da suke bauta wa a manyan akwatunan dutse, wani mai yi wa baƙi jagora yana ta rantsuwa cewa ba hannun mutum ba ne, alhali a hanyar shiga akwai akwati ɗaya da aka bari ba a gama ba, jikinsa duk sawun duka.

Daga nan muka kama hanyar kudu a jirgin ƙasa na dare, bayan an bi da jakunkunanmu ta na'urar bincike a ƙofar tasha, kuma baƙo yana biyan ninkin kuɗin ɗan ƙasa sau da yawa. Tafiyar ta ci sa'a 13 da ɗoriya. Da gari ya waye sai gonakin rake da dabino a siririn fili, bayansu hamada, ana ta lodin rake domin lokacin saransa ne. Aswan ta fi kama da gida: mutanen Nuba baƙaƙe ne kamarmu, sau uku ana yi mini magana da harshensu kafin a gane baƙo ne, a kasuwa kuma ga zoɓo tuli-tuli suna kiransa karkade, ga gyaɗa, ga karfasa soyayyiya. Muka kama ɗaki kusa da kasuwa a kan fam 500 kowane dare.

Mahaƙar giranit ɗin a cikin gari take, kusa da tsohuwar maƙabartar Faɗimiyyawa, kuma a nan ginshiƙin da ba a gama ba yake kwance, irin dogon dutsen nan mai tsini da Misirawa suke kira misalla. Tsawonsa kusan mita 42 ne, nauyinsa da an cire shi zai haura tan 1,000, wato da ya fi duk wanda aka taɓa tsayarwa. Mafi girman da yake tsaye a yau, wanda aka kai Rum, bai kai rabin wannan nauyi ba. An gama samansa da gefensa biyu, ƙasansa kaɗai ya rage a manne da uwar dutse, sai tsaga ta bayyana. Wani masani Baturen Ingila, Reginald Engelbach, shi ne ya kwashe yashin da ya rufe shi a farkon shekarun 1920. Na leƙa ramin da ya kewaye shi, faɗinsa kimanin santimita 75, daidai zaman mutum ɗaya a tsugune, ban ga sawun kurfi ko zarto ko ɗaya ba. Abin da yake jikin bangon da ƙasan ramin lotsa-lotsa ne a jere, masu santsi, kamar an bi da ludayi an kwashe tuwo.

Ina cikin wannan kallo sai mai gadin wurin, wani dattijo mai farin rawani, ya ce, "Ya Hajji, zo ka gwada," ya nuna mini wasu baƙaƙen duwatsu masu kamar ƙwallo da aka tara kusa da wani guntun giranit. Dolarait ake kiransu, sun fi giranit ƙarfin jure duka, kowanne ya kai kilo 5. Ina ɗaga ɗaya da hannu biyu jikina ya yi sanyi, domin na san abin nan tun ina yaro. A ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu, in dutsen niƙa ya yi santsi ya daina cin hatsi, kakata takan ɗauko makoɗi ta zauna ta yi ta ƙwanƙwasa fuskarsa, garin dutse yana tashi, har ya sake yin kaushi. Na ce wa yaron, "Wannan ai makoɗi ne." Ya ce, "Kawu, mene ne makoɗi?" Shi a zamanin injin niƙa aka haife shi, kuma kalmar koɗa ya san ta ne kawai a wajen yabon mutum. Na tsuguna na yi ta saki a kan giranit ɗin, ba bugu da ƙarfi ba, sakin nauyi ne a bar shi ya yi tsalle a cafe, yadda na ga tsohuwar tana yi. Bayan minti 10 na tara garin da bai cika cokali ba, wuyan hannuna yana zafi, haƙorana suna ƙas-ƙas da ƙura. Engelbach da ya gwada na sa'a guda, abin da ya ci bai wuce zurfin milimita 5 ba a ɗan gurbin mutum ɗaya.

Na zauna na yi lissafin magini. In kowane mutum ya samu gurbin da bai kai mita ɗaya ba, gefe biyu na dutsen za su ɗauki mutum fiye da 80 a lokaci guda, kafaɗa da kafaɗa, wasu kuma suna kwashe gari domin in ya taru yakan kashe ƙarfin dukan. A bangon mahaƙar akwai layukan jan ƙasa da masu duba aiki suka riƙa shatawa domin auna inda aka kai, kusa da su kuma zanen jiminai da kifaye. Tonon da aka yi a shekarun baya ya nuna gawayi da ƙonannen tubali, alamar sukan hura wuta a kan dutsen ya yi rauni kafin a hau shi da duka, wanda shi ne abin da masu fasa dutse suke yi a garuruwanmu har gobe, sai dai su da tsofaffin tayoyi. Labarin da masu jagora suke so, cewa ana cusa itace a rami a jiƙa shi ya kumbura ya tsaga dutse, bai shige ni ba, kuma jerin ramukan da suke nunawa na zamanin Girkawa da Rumawa ne, lokacin da aka samu baƙin ƙarfen tsaga dutse.

Tsagar ce ta fi tsaya mini a rai. A saman ginshiƙin ana ganin shatar wani ƙarami da suka so su fitar daga cikinsa domin kada wahalar ta tafi a banza, shi ma tsagar ta hana. Na taɓa yanka dutsen matakala na wani gida, saura taƙi ɗaya in gama ya rabe biyu a kan wata jijiya da ido ba ya gani, na kwana uku ina jin haushi a kan dutsen da mutum huɗu suke ɗauka. Ina tsaye a kan wannan ina tunanin shugaban aikin da ya zo da safe ya ga layin nan, da wanda aka aika ya kai labari fada.

Zuwa Luksor mota muka ɗauka, tafiyar fiye da kilomita 200 da ta ci rabin yini saboda tudun rage gudu a kowane ƙauye da shingayen 'yan sanda. A kowane shinge direba yakan leƙa ya ce mutum biyu 'yan Nijeriya, a rubuta lambar mota a littafi, a ɗaga mana hannu. Sau ɗaya kawai aka karɓi fasfo aka duba. Tsakanin Kom Ombo da Edfu direban ya nuna mana wajen Jabal Silsila, inda aka haƙo dutsen yashin da aka gina mafi yawan haikalin Karnak na Luksor da shi. A Karnak ginshiƙin sarauniya Hatshepsut yana tsaye, kusan mita 30, fiye da tan 300, kuma rubutun gindinsa ya ce wata 7 aka yi ana aikinsa a mahaƙa. Bayan abin da hannuna ya ɗanɗana a Aswan, wannan adadi ya fi tsayin ba ni mamaki. A bayan babbar ƙofar farko kuwa har yanzu akwai ragowar tudun tubalin ƙasa manne da bango, wanda ta kansa ake jan duwatsu zuwa sama, ba a gama ƙofar ba balle a rushe shi.

Washegari muka tsallaka kogi a jirgin fito. Mun wuce gumakan Amenhotep na Uku guda biyu, masu tsayin kimanin mita 18, sannan a haikalin Hatshepsut na Deir el-Bahari muka nemo zanen da ya dusashe na wani ƙaton jirgin ruwa ɗauke da ginshiƙai biyu, ƙananan jirage 27 suna jansa. A tudu kuwa a kan katakon ja ake ɗora kaya. Wani zane a kabarin Jehutihotep da yake Deir el-Barsha ya nuna mutum 172 suna jan gunki, wani yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Amsterdam a 2014 ya nuna yashi mai danshi daidai gwargwado yana rage ƙarfin jan da kusan rabi. Duk wanda ya tura baro a busasshen yashi ya san haka.

Kabarin Rekhmire, wazirin Tutmos na Uku, shi ne wurin da na fi daɗewa a Luksor. Mai gadi ya tsaya a ƙofa da madubi yana jefa mana hasken rana a bango, sai ga masu sana'a sahu-sahu: masu yin tubali suna ɗebo ruwa a tafki, maƙera suna taka zugazugi da ƙafa, alhali a kabarin Mereruka, wanda ya girme shi da kusan shekara 900, da baki ake hura wuta ta cikin kara. Ga masassaƙa a kan dandamalin itace sun kewaye ƙaton gunki, wani da dutsen duka, wani da na guga. Ga kuma magina biyu suna duba fuskar dutse da 'yan sanduna masu tsawo ɗaya, biyu a gefe da igiya a miƙe a kansu, ana bin tsakiya da na uku, duk inda ya ɗaga igiyar akwai tudun da za a rage. Na nuna wa yaron na ce da wannan dabarar na koyi daidaita daɓe a wurin maigidana, kafin in taɓa riƙe ma'auni mai ruwa.

A Deir el-Madina, ƙauyen masu haƙa kaburburan sarakuna, na ji abin da ya sa na ga kamar a wurin aikina nake. Kurfin jan ƙarfe na hukuma ne, ana auna nauyinsa kafin a ba ma'aikaci, a sake aunawa in ya dawo da shi domin a kai wa maƙeri, har lagwanin fitila ƙirga shi ake yi, kuma magatakarda yana rubuta wanda bai zo aiki ba da dalilinsa, ciki har da harbin kunama. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku hatsin albashinsu ya makara, suka ajiye kayan aiki suka tafi suka zauna a bayan haikali. Ni da na taɓa fuskantar leburori ranar Alhamis da yamma mai gini bai turo kuɗi ba, na san yadda idon magatakardan ya yi.

Kafin mu koma mun tsaya a wata masassaƙar farin dutse mai ɗaukar haske a Ƙurna. Maigidan wurin, wanda yaransa suke kira usɗa, ya naɗe tulu da tsumma ya binne rabinsa a ƙasa, yana rarake cikinsa da sanda mai lanƙwasa irin ta bangon Mereruka, sai dai bakinta na baƙin ƙarfe ne. Da ya ga tafin hannuna ya gane abokin sana'a ne, ya miƙo mini sandar, ya aika aka kawo shayi, amma hakan bai hana shi sa wa ƙaramin kwano fam 1,200 ba, sai da muka yi rabin sa'a kafin ya sallama a 300. Daga Luksor jirgin dare ya mayar da mu Alƙahira, bayan kwana biyu na sauka Kano ana jajibirin zaɓe.

Mako guda da dawowata na tafi ƙauye na gaishe da gwaggona, na tambaye ta ko makoɗin tsohuwa yana nan. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka je har Masar ka dawo kana neman makoɗi?" Ta sa jikanta ya jawo shi daga ƙarƙashin rumbu, inda yake tokare da wani murfi, ta ce rabon da a koɗa dutse a gidan tun shekarar da aka kafa injin niƙa a bakin kasuwa. Baƙi ne, ya cika tafin hannu ɗaya, gefensa guda ya lallashe saboda duka. Na ɗora shi a sikelin mai shago a hanyar dawowa, ya ba da kilo ɗaya da ɗan ɗori.